Zamanin Shauƙi a Turai da Aikin da Ke Jiranmu a Karaye da Rogo



Sa'ad da aka ce mu zo mu yi magana a wannan taro na ɗaliban Karaye da Rogo, aka kuma ji kan maganar da muka zaɓa, wani abokinmu ya yi dariya ya ce ashe yau za a sha labarin soyayya. To, bari mu fara da ba shi haƙuri. Kalmar nan Romantik, wadda masana adabi suke laƙaba wa wani zamani na ƙasashen Turai, watau daga wajen 1790 zuwa wajen 1850, ta wuce sha'anin saurayi da budurwa nesa ba kusa ba. Da za a bar mu mu raɗa masa suna da Hausa, da sai mu ce zamanin shauƙi, domin mawaƙansa da masu zanensa sun ɗauki abin da zuciya take ji sun fifita shi bisa abin da hankali yake lissafawa. Da yawa daga cikinmu mun haddace sunayen mutanen nan saboda jarrabawa, muka zuba a takarda, muka fito muka karkaɗe riga. Abin da muke so mu nuna yau shi ne, akwai wani aiki guda da suka yi wa ƙasashensu wanda irinsa yake jiranmu a gida, lokacin yinsa kuwa yana ta ƙurewa.

Mutanen wannan zamani sun tashi ne cikin duniya mai girgiza. A 1789 jama'ar Faransa suka yi wa sarautarsu bore, bayan shekara huɗu suka fille kan sarkin. A Ingila kuwa injunan saƙa suna ta janye mutane daga gonaki zuwa birane masu hayaƙi, inda har ƙananan yara suke wuni a bakin inji. Malaman ƙarnin da ya gabace su sun koya wa mutane cewa kome na duniya ana iya sa shi a ma'auni, waƙa ma tana da ƙa'ida da ladabi irin na zaman fada. Sai samarin wancan lokaci suka ce ba su yarda ba. Masu zane suka rage zana manya a bisa kujerunsu, suka koma kan hadari da teku da duwatsu. Wani Bajamushe, Caspar David Friedrich, ya zana mutum shi kaɗai tsaye a kan dutse, ya juya wa mai kallo baya, yana duban hazo. A 1819 wani Bafaranshe, Géricault, ya fito da wani ƙaton zane na mutanen da jirgin ruwansu ya daki ƙasa a gaɓar Muritaniya a 1816, suna kan hanyar Sanagal, ga su nan jibge bisa katakai tsakiyar teku, rayayyu da matattu. Wanda ya fi kowa ɗagowa cikinsu, yana kaɗa ƙyalle don neman ceto, baƙar fata ne.

Amma abin da ya fi shafarmu ya faru ne a wajen harshe. A 1798 William Wordsworth da abokinsa Coleridge suka buga wani ɗan littafin waƙoƙi mai suna Lyrical Ballads, a bugun 1800 kuma Wordsworth ya sa masa gabatarwa, inda ya kafa hujjar cewa ya kamata a rubuta waƙa da irin maganar da mutane suke yi da gaske, musamman mutanen karkara. Ya cika waƙoƙinsa da makiyaya da almajirai da tsofaffin sojoji da matan da duniya ta juya wa baya. Masu sharhi na Landan da Edinbara suka yi masa ca, suka ce ya shigo da ƙazantar ƙauye cikin zauren manya. Tun kafin haka wani malami a Jamus, Herder, ya riga ya ce ran kowace al'umma yana cikin harshenta da waƙoƙin talakawanta, ya kuma tattara irin waɗannan waƙoƙi ya buga a 1778 da 1779. Wannan magana ta kama kamar wutar daji. A 1812 wa da ƙane, Jacob da Wilhelm Grimm, suka fitar da littafin tatsuniyoyin Jamusawa. A Finlan wani likita, Elias Lönnrot, ya riƙa tafiya ƙauye ƙauye, sau da yawa a ƙasa, yana zama gaban tsofaffin mawaƙa yana rubuta abin da suke rerawa, har ya harhaɗa littafin Kalevala a 1835. A lokacin masu ilimin Finlan da harshen Suwidin suke karatu da aikin hukuma, harshen gida na manoma ne. Yau ranar 28 ga Fabrairu ta kowace shekara ranar tunawa da wannan littafi ce a ƙasar baki ɗaya.

To, jama'a, mu dawo gida mu duba abin da yake faruwa a nan cikin waɗannan shekaru. A 1804, shekarar da Napoliyon ya naɗa wa kansa sarautar Faransa, a cikinta ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, aka kuma gwabza a Tabkin Kwatto. A ƙasar Kano waɗanda suka amsa kiran Shehu suka yi tasu hijirar zuwa Kwazazzabo, yamma da birni, Karaye kuwa tana cikin garuruwan farko da suka faɗa hannunsu, kafin a kori Sarki Alwali a kashe shi a Burumburum a 1807. Watau kakanninmu ba labarin wannan girgiza aka ba su ba, a ƙofar gidansu aka yi ta.

Jihadin nan da takobi aka yi shi, amma da waƙa aka share masa hanya. Shehu masanin Larabci ne, da shi ya rubuta littattafansa, sai dai ya san makiyayi da manomi da mace a cikin ɗaki ba su jin Larabci. Saboda haka ya tsara waƙoƙi da Fulatanci, aka riƙa juya su zuwa Hausa, ana rubuta su da ajami, ana rera su a zaure da kasuwa da bakin rijiya. Ga malami ya sauko da ilimi zuwa harshen talaka a daidai shekarun da Wordsworth yake wannan faɗa a Ingila, ba tare da ɗaya ya san da ɗaya ba.

Akwai kuma wani ɗaci da suka ɗanɗana tare. Wordsworth ya je Faransa yana saurayi, ya yi murna da juyin da aka yi, daga baya ya ga jini ya malala, ya koma gida zuciya a karye. Makaɗin nan Beethoven ya tsara wani babban kiɗa da niyyar girmama Napoliyon, da ya ji mutumin ya mai da kansa sarki a 1804 sai ya soke sunansa daga kan takardar. A wajenmu kuwa Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, wanda ya jagoranci runduna a Kwatto, ya duba a wajen 1807 ya ga abokan tafiya sun fara karkata ga dawaki da riguna da ƙwaraƙwarai da neman muƙami. Ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya iso Kano mutane suka tsai da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a, sa'an nan ya koma. Waƙoƙin da ya yi na wannan baƙin ciki suna cikin Tazyinul Waraƙati, wanda ya harhaɗa a 1813. Duk ɗalibin da yake neman muryar mutumin da ya ga abin da ya sayar da ransa dominsa yana lalacewa a gabansa, ba sai ya haye teku ba.

A nan fa ya kamata mu ja linzami. Akwai wata ɗabi'a da muke da ita a jami'a, ta cewa duk abin da Turawa suka yi mu ma mun yi irinsa, kamar dai sai an jingina namu da nasu zai yi daraja. Malaman Sakkwato ba 'yan Romantik ba ne, kuma ba su bukatar wannan rawani. Mawaƙin Turai na wancan zamani kansa yake dubawa, ya mai da zuciyarsa alƙibla, wasu ma suka kusa mai da daji da duwatsu abin bauta. Malamanmu Allah suke dubawa, waƙa a wajensu hanya ce ta isar da wa'azi da madahu da tarihi. Bambancin da ya fi mana nauyi kuwa shi ne wannan: su Herder sun je wa talaka ne don su ji abin da yake faɗa su rubuta, malamanmu sun je masa ne don su gaya masa abin da ya kamata ya ji. Sun yi hani ga kiɗe-kiɗen da suke gani na shagala ne, da bori, da cuɗanyar maza da mata a wajen biki, suna da hujjarsu kuma. Ba mu zo nan don mu tuhume su ba. Amma sakamakon shi ne tawadar ajami ta adana mana wa'azin malami, ba ta adana mana waƙar da matar malamin take yi a bakin dutsen niƙa ba.

Ko Nana Asma'u, wadda ta fi kowa kusantar matan karkara, haka abin yake. Ta rubuta da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajis da malfa suna kai karatu ƙauyuka, ta yi marsiyyoyi masu taɓa zuciya ga ɗan'uwanta Muhammadu Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo da aminiyarta A'isha. Mun san abin da jajin take kaiwa ƙauye. Abin da matan ƙauyen suke rerawa bayan ta juya baya, wannan iska ta tafi da shi.

Wa ya fara rubuta irin wannan? Baƙi ne, ga su nan a tarihi, kunya ko ba kunya ba. Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram da Barth ya tafi da shi Turai a 1855, shi ya zauna gaban wani ɗan mishan, Schön, ya ba shi labarai da tatsuniyoyi, aka buga su cikin Magana Hausa a 1885. Wani jami'in mulkin mallaka, Frank Edgar, ya sa malamai suka rubuta masa tatsuniyoyi da labarai da ajami, ya buga su juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913. Daga baya namu suka tashi, irin su marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya da littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni, Allah ya saka musu. Amma a cikin dukan wannan, abin da ya fi kusa da mu 'yan Karaye da Rogo shi ne labarin wata tsohuwa guda.

Sunanta Baba. An haife ta a 1877, ta girma a Karo da Zarewa, Zarewar nan dai da muka sani a ƙaramar hukumar Rogo. Asalin danginta Barebari ne da suka zo daga Barno suka zama Hausawa. Ba ta yi karatun boko ba, ba ta riƙe sarauta ba, ta yi aure sau huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta goyi 'ya'yan dangi. A ƙarshen 1949 da farkon 1950, tana zaune a Giwa ta ƙasar Zazzau, wata Baturiya, Mary Smith, matar masanin nan M. G. Smith, ta riƙa zama da ita kullum har wajen mako shida, Baba tana faɗa, ita tana rubutawa da Hausa. Baba ta rasu a 1951. A 1954 littafin ya fito a Landan da Turanci, da sunan Baba of Karo, ya shiga jami'o'in duniya, sai bayan shekaru masu yawa aka fitar da shi da Hausar da aka faɗe shi da ita.

Ku duba abin da mako shida ya ceto. A cikin littafin akwai yadda ake ɗaura ƙawance tsakanin 'yan mata, da yadda ake kamu da lalle da buɗar kai, da zaman kishi, da wankan jego, da kunyar ɗan fari, da bori, da waƙoƙin da suke tafiya da kowannensu. Akwai rinji da bayin gida, da mahara masu zuwa da dare su kwashe mutane, da yadda dangi suke haɗa kuɗi su fanso nasu. Akwai zuwan Turawa kamar yadda mace ta gan shi daga cikin gida. Alƙali Muhammadu Zangi ya rubuta mana tarihin jihadin Kano, ya faɗi wanda ya ci yaƙi da wanda aka naɗa. Amma in kana son ka san yadda dare yake a ƙauyen ƙasar Karaye sa'ad da aka ji kururuwar mahara, wajen Baba za ka je. Tambayar da take damunmu ita ce, tsofaffi nawa ne irin Baba aka binne a Zarewa da Fulatan da Zoza da Yammedi da Turawa daga 1951 zuwa yau, ba wanda ya zauna gabansu da alƙalami? Muna nan kuwa, 'ya'yansu da jikokinsu, muna rubuta kundin digiri a kan mawaƙan tabkunan Ingila.

Cikin mawaƙan Ingilan ma akwai wanda ya fi dacewa mu sani, ba a kuwa cika sa shi a manhaja ba. John Clare ɗan ƙodago ne daga ƙauyen Helpston. An haife shi a 1793 ya rasu a 1864, shekarun Nana Asma'u ke nan daidai, abin mamaki. Shi ba daga birni ya zo kallon ƙauye ba, a cikinsa aka haife shi, ya yi kiwo ya yi noma, ya rubuta waƙoƙin da ya ji a bakin uwarsa da ubansa. A 1809 majalisar ƙasar ta yi dokar killace filayen ƙauyensu. Makiyayar da kowa yake sakin dabbarsa aka yanka ta aka sa shinge, aka sare itatuwa, aka toshe hanyoyin da ya bi yana yaro. Ya yi ta kuka da wannan a cikin waƙa, yana kiran kowane fili da kowace bishiya da sunanta, masu buga littafinsa kuma suna ta goge kalmomin ƙauyensu suna sa na birni. Ya ƙare rayuwarsa a asibitin masu taɓin hankali, fiye da shekara ashirin.

Mu da muka fito daga ƙasar da aka gina madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gama a 1992, mun san wannan ciwo. Ba mu musun amfaninta, ga kifi ga noman rani. Amma ruwan ya ci gonaki da matsugunai, aka tashi mutane aka sake musu wuri. Kowace fadama da ta nutse tana da suna, kowace tsamiya tana da labari, akwai kuma waɗanda suka san su da suke raye har yanzu. Abin da ruwa bai ci ba kuwa zamani yana ci. Injin niƙa ya sauƙaƙa wa iyayenmu mata wahala, mun gode Allah, ba wanda zai ce a koma dutse, sai dai waƙar niƙa ta tafi tare da dutsen. Siminti ya kashe daɓe da waƙarsa. Gayya ta ja baya, gangar noma ta bi ta. Dandalin da ake gaɗa da dare, yanzu hasken waya ne a fuskar kowace yarinya.

In za mu yi wannan aiki, to, mu koyi darasi daga kuskuren waɗanda suka riga mu. Su Grimm sun sa mutane sun ɗauka daga bakin tsofaffin manoma suka kwaso tatsuniyoyinsu, alhali yawancinsu daga 'yan matan gidajen masu hali na garin Kassel suka ji su, wasu ma zuriyar Faransawa ne. Sa'an nan Wilhelm ya yi ta gyara su daga bugu zuwa bugu har na bakwai a 1857. Inda tatsuniya ta ce uwa ce ta yi wa 'ya'yanta mugunta, sai ya mai da ita kishiyar uwa, don kada a ɓata sunan uwaye. Wannan jarrabawa za ta same mu. Tsohuwa za ta rera waƙa mai zambo ko batsa ko sunan iska, hannunmu zai yi ƙaiƙayin gogewa. Za ta faɗi kalmar da ba ta cikin ƙamus, mu ce kuskure ne, mu sa ta Kano. Za ta ba da labarin bauta a gidan da muke alfahari da shi, mu so mu tsallake. Wanda ya yi haka ya rubuta kansa ne, bai rubuta ta ba. Darajar littafin Baba ta zo ne daga barinta da aka yi ta faɗi mai daɗi da marar daɗi. Kuma kada shauƙi ya ɗebe mu mu mai da ƙauyen jiya aljanna. Wanda ya karanta yadda ake kama mace a hanyar gona a sayar ba zai yi wannan mafarki ba.

Lönnrot da ƙafa da alƙalami ya yi nasa, Mary Smith da littafin rubutu. Mu kowannenmu yana da na'urar ɗaukar magana a aljihunsa. Abin da muke roƙo kaɗan ne. Hutu ya kusa. Kowa ya zaɓi tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya a gidansu ko unguwarsu, ya je ya gaishe su yadda ya kamata, da ɗan goro, ya nemi izini, ya faɗa musu abin da za a yi da maganarsu. Kada a je da jerin tambayoyi kamar ma'aikacin ƙidaya. A ce, Iya, yaya aka yi bikinki? Baba, wace waƙa ake yi in an fita gayya? Sa'an nan a yi shiru a saurara, a kuma koma gobe, domin ranar farko gaisuwa ce kawai. A rubuta sunan gari da ranar da aka ɗauka, a kwafe maganar yadda ta fito, da karin harshenta. 'Yan'uwanmu mata su ne da babban rabo a nan, don akwai ɗakunan da namiji ba ya shiga, akwai kuma waƙoƙin da ba za a rera a gabansa ba.

In mun dawo, sai mu haɗa abin da muka samo, mu roƙi editocin wannan mujalla su ba mu shafi biyu a fitowa ta gaba, sauran kuma mu kai wa malamanmu na sashen Hausa su ajiye. 'Yan Zarewa da ke cikin wannan zaure, ku muka fi sa wa ido.